Gambar Tsakiyar Gona

A duk shekarun da na yi ina riƙe da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwalejinmu, babu lokacin da ya fi mini daɗi kamar makonnin da ke gaban fara gasa. A lokacin ba a ci kowa ba tukuna, saboda haka kowa gwani ne. Malamin lissafi da bai taɓa taka tamaula ba zai tare ni a ɗakin malamai yana zana mini yadda zan jera yara a bayan takardar jarrabawa. Mai shayin bakin ƙofa zai rantse cewa bana kofi ya riga ya zama namu, ɗauko shi kawai ya rage. Ni kuwa da ya kamata in riƙa kwantar musu da hankali, ni ne sarkin cika bakin. Ban taɓa iya yin shiru ba idan ana yabon abin da nake da hannu a ciki.

Kwalejin ta horar da malamai ce, kuma yawancin ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne daga ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi. Ni malamin motsa jiki ne a can. Shekara uku a jere muna kaiwa wasan kusa da na ƙarshe a gasar kwalejoji, ana koro mu gida muna ta "da an yi kaza". A shekarar da nake ba da labari kuwa, ko maƙiyinmu ya san mun nuna. Golanmu ɗan wani Bayarabe ne mai sayar da kayan babur a Funtua, can aka haife shi, kuma idan ya buɗe baki yana yi wa 'yan bayansa faɗa da Katsinanci sai ka tausaya musu. Kyaftin ɗinmu daga wajen Matazu yake, ƙato ne mai sanyin magana wanda ba a wuce shi da ƙwallo sai an yi addu'a. Sannan ga lamba tara.

Daga wani ƙauye a bayan Dayi ya fito, don haka ɗan Dayi muke ce masa. Siriri ne, ba ya magana sai an tambaye shi, kuma in ka gan shi yana tafiya aji da littafi a hammata ba za ka ce ya iya korar kaza ba. Amma idan ƙwallo ta zo ƙafarsa, sai ka ga kamar ya san inda za ta je tun kafin ta taso. Ban koya masa komai ba, gaskiya ke nan, ko da yake a ɗakin malamai ban taɓa faɗin haka ba. Wani mutum daga wata babbar ƙungiya ya taɓa ganin wasansa, ya ce mini zai dawo ya sake kallonsa idan an fara gasa. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe a kwaleji. In bai buga bana ba, shi ke nan ta wuce shi, ni kuma kofin da na yi shekara uku ina yi wa mutane alƙawari ya wuce ni. Duk lissafina a kan ƙafar yaron nan yake.

Matsalar ita ce hutun ƙarshen zango ya faɗo mana a tsakiyar damina. Na shirya sansanin atisaye na mako uku a cikin hutun, kuma a ƙarshensa ake rufe rajistar 'yan wasa, kowa sai ya sa hannu a fom da kansa. Yara suka yi ta lallashin iyayensu, aka sako mini su ɗaya bayan ɗaya. Ana saura kwana huɗu a fara, ɗan Dayi ya kira ni.

"Malam, bana sai dai a yi haƙuri."

Na ce haƙurin me? Ya ce ɓarayi sun kore shanun huɗar babansa tun da bazara, yayyensa biyu sun tafi ci-rani ba su dawo ba, idon tsohon kuma ya yi yana, da kyar yake gane fuskar mutum. Ga babbar gonar da za su sa auduga ko kunya ɗaya ba a tayar ba, lokaci kuma yana ƙurewa. In shi kaɗai ne da galma, wata guda ba zai ishe shi ba.

Na kashe wayar ina huci kamar shi ya sace shanun. Washegari ina shan shayi sai dabara ta faɗo mini, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai da ita. Gayya. Ga ƙarti goma sha takwas ina shirin sa su zagaya fili suna zubar da gumi a banza, me zai hana su zubar da shi a gona? Huɗa tana gina ƙugu da cinya fiye da duk wani tsalle-tsallen da ke cikin littafina. Rana ɗaya mu tayar da gonar, mu taho da yaronmu. Na faɗa a ɗakin malamai aka yi ta sa mini albarka, har wani ya ce ya kamata a rubuta a jarida.

A nan ya kamata in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Ni ɗan tela ne, a cikin garin Funtua na tashi. Noman da na sani shi ne na ɗan filin masara a bayan gidanmu. Amma mutumin da ya tashi a yankinmu ba ya yarda ya ce bai iya noma ba, kamar ya ce bai san sunan kakansa ba ne.

Na hau babur na je ganin tsohon. Bamaguje ne, yana nan a kan addinin kakanninsa, gidansa kuma yana gefen gonar, da rumbuna uku a tsakar gida. Na same shi a kan buzu yana tufka igiya da hannu, ba ya ko kallonta. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya yi dariya har ya yi tari.

"'Yan boko za su yi mani huɗa? Malam, ka taɓa ganin gonar kau?"

Na ce na gan ta da na shigo, ba ta fi fili biyu na ƙwallo ba.

"Ni ban san filin ƙwallo ba," in ji shi. "Amma in kun tashe ta, ku tafi da shi. Magana ɗaya gare ni. Ni ma ba son raina ba ne in riƙe yaro yana kallon hanya."

Ranar Asabar da sassafe motar kwaleji ta sauke mu a bakin hanya, muka ƙarasa da ƙafa, kowa da galmar aro a kafaɗa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, baƙa wuluk. Gonar shimfiɗe take, ba itace ko ɗaya a cikinta, ba suri, ba dutse. Na zo da igiyar da nake shata filin wasa da ita, da turakunta, domin na yi niyyar mu yi wa tsohon kunyoyin da ƙauyen ba su taɓa gani ba, miƙaƙƙu kamar layin littafi. Ba mu da makaɗi, sai gola ya samo jarka ya zauna yana duka, da hujjar cewa hannun gola dukiyar kwaleji ce.

Ɗan Dayi ya ɗauki galma zai shiga sahu, na ƙwace ta.

"Ban kwaso mutum goma sha takwas don galma ta sare mini ƙafar da na zo nema ba," na ce masa. "Hau babur ɗina ka je Dayi ka karɓo irin audugar."

Ya kalli gonar kamar zai ce wani abu. Na ce ya tafi, rana na yi. Ya tafi. Tsohon kuma yana gida yana lura da abincin gayya. Haka aka bar mu a gonar mu kaɗai, babu ɗan gida ko ɗaya.

Aiki ya yi kyau, kar in rage wa yaran haƙƙinsu. 'Yan ƙauyen cikinsu suka ja gaba, 'yan birni suna binsu suna haki, ana tsokanar juna. Wajen hantsi muka iso tsakiyar gonar, inda wata ciyawar gamba take tsaye ita kaɗai. Tun da safe na gan ta, ta tsaya mini a rai. Tsawonta ya kai ƙirjina, faɗin gindinta ya kai ƙaramar tabarma, kuma daidai kan layin igiyata take. Kyaftin ne ya fara isa wurin. Ya tsaya, ya dogara da galmarsa.

"Malam, wannan kamar da gangan aka bar ta."

"Da gangan?" na ce. "Tsoho ba ya gani, yaro yana makaranta, wa zai cire ta? Ko dai ƙarfinka ne ya ƙare kake neman inuwa?"

Yara suka fashe da dariya. Ya ce a garinsu in aka ga irin wannan a tsakiyar gona, tambaya ake yi. Na ce a garinsu shi ya sa har yanzu ba su da ƙungiyar ƙwallo. Ya matsa gefe. Yaro ne mai ladabi, ladabin nan kuma shi ya cuce mu duka. Na tuɓe riga, na karɓi galmarsa, na ce su matsa su ga yadda ɗan Funtua yake aiki.

Ta ba ni wuya. Saiwoyinta sun yi shekaru suna kama ƙasa, sai da na haƙa kewaye da ita, hannuna ya yi bororo ya fashe. Yara suna yi mini kirari, gola yana dukan jarka, ni kuma ina ƙara zage damtse. Da ta tumɓuko, mutum huɗu suka ɗauke ta suka jefar a iyakar gona. Muka cike ramin, muka ja igiya, muka tayar da kunya a kai, muka wuce. Kafin azahar mun fita ɗaya gefen. Na tsaya a iyaka na waiwaya, kunyoyi jere reras, ko ɗaya ba ta bambanta da 'yar uwarta ba. Na ji kamar na riga na ɗaga kofin.

A lokacin ne ɗan Dayi ya dawo, buhun iri a bayan babur. Rafi ne ya tare shi a hanya. Muka yi masa ihu, muna jiran ya yaba. Bai kashe babur ɗin ba ma. Ya sauka, babur ya faɗi, iri ya zube, ya tsaya yana duba gonar daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ina gambar?"

Na nuna masa inda take kwance a iyaka, saiwoyi sama. Har da murmushina.

"Malam," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Innata ce a wurin."

Ban gane ba da farko. Kyaftin ne ya fara cewa innalillahi. Su ɗan Dayi a gidansu a gona suke binne nasu. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida, aka sa ta a tsakiyar gonar da ta fi so, babansa ya dasa gamba a kanta. Ba dutse, ba komai, gambar ce kaɗai shaida. Duk ƙauyen sun sani, ko mai shanun haya ya san ya kewaye ta. Bai zo masa a rai cewa akwai wanda sai an gaya masa ba.

Yara suka bazu cikin gonar suna son su gyara. Wannan ya ce nan ne, wancan ya ce a'a, can gaba ne, wani ya rantse cewa ya fi kusa da gabas. Mutum goma sha takwas, wuri goma sha takwas, tsakanin na farko da na ƙarshe ya fi taku talatin. Aka juyo gare ni, tunda ni na haƙa. Na duba, na sake dubawa. Duk lokacin da nake haƙar, ƙasa nake kallo da fuskokin masu yi mini kirari. Na ce ban riƙe ba.

Muna cikin haka tsohon ya iso, wata jikarsa tana riƙe da sandarsa, mata suna biye da ƙwarya-ƙwaryan tuwo da fura. Akuya ya sa aka yanka mana, kuma ya aika aka kira maƙwabcinsa Musulmi ya yi yankan don mu iya ci. Ɗansa ya je ya faɗa masa a kunne. Na zuba wa fuskarsa ido ina jiran zagi, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya juya kansa wajen gonar da ba ya iya gani sosai, ya ce shi da gambar yake gane wurin, inuwarta yake hanga. Waɗanda suka haƙa kabarin, biyu sun mutu, ɗaya ya yi ƙaura.

Na durƙusa na fara ba da haƙuri. Ya ɗaga hannu.

"Tashi, Malam. Wanda ya zo taimako ba a yi mashi faɗa. Ku ci abinci, kun sha aiki."

Muka zauna muka ci, domin ƙin ci zai zama wani laifin. Ban taɓa haɗiye abin da ya yi mini nauyi kamar naman nan ba. Ɗan Dayi bai zauna ba. Da muka tashi tafiya, tsohon ya ce masa ya ɗauko jakarsa ya bi mu, alƙawari kaya ne. Yaron ya ce ba zai tafi ba. Wannan ne karo na farko da na ji ya musa wa wani magana.

Aka buɗe sansani babu lamba tara. Mutanen kwaleji ba su san abin da ya faru ba, domin na roƙi yaran su rufa mini asiri, suka kuwa rufa. Saboda haka cika baki ya ci gaba kamar da. Shugaban kwaleji ya zo fili da kansa ya ce ya sa a gyara kabad ɗin ofishinsa inda za a ajiye kofi. Mai shayi kullum sai ya tambaye ni ina ɗan Dayi, in ce masa yana hanya. Muka yi wasan sada zumunci da wata ƙungiyar unguwa a Malumfashi, muka yi ta kai ƙwallo bakin raga babu mai zurawa, aka tashi babu ci. Na yi wa yara faɗan da ba su cancanta ba, har gola ya ce mini, "Malam, ai ba mu muka tone ba." Na kore shi daga fili ranar, alhali gaskiya ya faɗa.

Kyaftin ne yake kawo mini labari, domin suna waya da ɗan Dayi. Sun shuka auduga a gefe da gefe, amma ɗan Dayi ya hana a sa iri a kunyoyi ashirin na tsakiya, kada a shuka a kan Innarsa. Duk ruwan da aka yi, sai ya fita yana bin kwarin kunya ɗaya bayan ɗaya, yana duba inda ƙasa za ta lotsa ko inda ragowar saiwa za ta tofo. Ƙasa ba ta lotsa ba, kabarin ya daɗe da zama. Ciyawa kuwa ta tofo ko'ina, iri ɗaya. Babansa yana ta ce masa ya tafi, wadda ke ƙasa ta san inda take. Shi kuma ya ce ba zai iya buga ƙwallo ba alhali bai san inda zai tsaya ya gaishe ta ba.

Ranar Juma'a za a rufe rajista. Ranar Laraba da la'asar na hau babur na nufi ƙauyen. Na gaya wa kaina cewa haƙuri zan je in sake bayarwa, in kuma ce masa ya zauna, ƙwallo ba ta kai wannan ba. Duk hanya ina maimaita maganar. Amma fom ɗin yana cikin aljihun rigata, a ninke, kuma igiyar awo tana ɗaure a bayan babur. Ba wanda ya sa mini su, ni na ɗauko.

Na same shi a tsakiyar gonar, ƙafa duk laka, ya rame. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, abin da ya fi zagi ciwo. Sai ya ce:

"Malam, kai ka tone ta da hannunka. Ka fi kowa daɗewa a wurin. Don Allah ka sake tunawa."

Amsar gaskiya tana bakina, kalma uku ce: ban sani ba. Na kalli idonsa, na ga ba abin da yake so a duniya kamar in ce na tuna. Na kuma ji takardar tana taɓa ƙirjina. Nan take zuciyata ta kawo mini hujjoji masu kyau. Yaro zai huta. Tsoho zai samu kunyoyinsa ashirin kafin lokacin shuka ya wuce. Mamaciya ba ta da asara. Duk gaskiya ne, amma na san ba don su na buɗe baki ba. Ranar Juma'a nake tunani.

Na ce masa na yi ta tunani, kuma na tuna. Na ce ai da igiya muka yi aiki, ni kuma mai awon fili ne, ba na kafa turke ban ƙirga ba. Na kwance igiyar, na je iyakar gabas, na ƙirgo kunyoyi da ƙarfi yadda zai ji, na tsaya a ta ashirin da uku. Na kafa turke, na ja igiya, na yi taku arba'in ina haɗe fuska irin ta mai lissafi. Na tsaya, na koma baya taku biyu don abin ya yi kama da gaskiya. Na nuna ƙasa.

"Nan ne."

Ya ruga gida ya riƙo hannun babansa. Tsohon ya zo a hankali, ya tuɓe takalmi, ya taka wurin da ƙafarsa, ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo da fuskarsa daidai inda nake.

"Malam, ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

Ya mayar da takalminsa. Har yau ban sani ba ko ƙafarsa ta gaya masa wani abu. Wataƙila ya yarda da ni. Wataƙila kuma ya gane sarai, ya ga cewa wannan ce kaɗai hanyar da ɗansa zai bar gonar. Abin da ya ce kawai shi ne, "To. Allah shi biya ka."

Ɗan Dayi ya je iyakar gona ya tono ƙaramar gamba da ƙasarta, ya kawo ya dasa a inda na nuna, ya danne gindin da tafin hannu. Ya tsuguna a wurin yana magana a hankali, na matsa nesa don kada in ji. Da ya taso, fuskarsa ta saki, na ga yaron da na sani. Ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya. A kan kujerar babur ya sa hannu a fom ɗin, har laka ta ɓata gefen takardar.

Ya zo sansani washegari, kwaleji ta ɗauka da murna. Mai shayi ya ba shi ƙwai uku. Aka sake zana jeri a bayan takardun jarrabawa, aka sake rantsuwa. Ni ma na shiga ciki, na cika baki fiye da kowa, domin in na yi shiru tunani yake zuwa.

Wasa biyu muka buga a gasar. Na farko muka ci, shi ya zura ƙwallon. Na biyu aka yi ruwa, fili ya zama taɓo, aka tashi canjaras, aka fitar da mu a bugun fenariti. Mutumin babbar ƙungiyar bai zo ba, bai kuma ɗauki wayata ba. Abin da na saya da ƙaryata ke nan, wasa biyu.

Ɗan Dayi ya gama kwaleji, ya samu koyarwa a firamaren da ke kusa da ƙauyensu, ya yi aure. Bai taɓa yanke zumunci da ni ba. Duk kaka sai ya aiko mini da wake ko gyaɗa, duk damina sai ya kira ya gaya mini gambar ta yi kyau. Sau da yawa na ɗauki waya da niyyar in faɗa masa, sai in tambayi kaina me zan ba shi a madadin abin da zan ƙwace. In ce masa ba nan ba ne, to ina ne? Sai in ajiye wayar. Wani lokaci ina ganin tausayinsa ne ya hana ni, wani lokaci kuma na san tsoro ne kawai. Kyaftin kaɗai nake zargin ya gane, domin tun daga ranar da na ba su labarin awon bai sake kallona ido cikin ido ba.

Bara da damina ɗan Dayi ya kira ni da hantsi, ina fili da sababbin yara muna shirin wata gasar. Na ji muryarsa na san ba lafiya ba. Ya ce Baba ya cika jiya da yamma. Na yi masa ta'aziyya, na ce zan zo. Ya ce tsohon bai bar wasiyya mai yawa ba, abu ɗaya ya roƙa, a sa shi kusa da matarsa.

"Mun kau yi mashi yadda ya so, Malam. Dab da gambar muka haƙa, gefen dama. Yanzu suna tare. Ina ta tunani, da ba ka tuna ba ranar nan, da ban san inda zan kai shi ba."

Yara suna tsaye suna jiran in busa usur. Na buɗe baki, kalmomin nan uku suka sake zuwa, daidai inda suka tsaya mini a wancan karon.

Na ce, "Allah ya ba ku haƙuri."

Ya ce amin, ya sake yi mini godiya.